Daga Kwandon Ɗiban Ƙasa Zuwa Ɗakin Gwaji: Waiwaye a Kan Binciken Ɗaliban Injiniya da Hanyoyin Nijeriya

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Mu da muke zaune a kudancin ƙasar nan, ɗalibai da malamai da sauran ma'aikata, babu abin da ya haɗa mu da gida kamar hanya. Ita muke bi mu zo, ita muke bi mu koma idan an yi hutu ko an yi rasuwa, ta kanta kuma shanu da albasa da wake suke gangarowa, goro da manja da katako su hau. Amma ba kasafai mukan tambayi kanmu wane ne ya san halin ƙasar da aka shimfiɗa kwaltar nan a kanta ba, balle mu tambayi yadda aka yi aka san shi. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan sani tun daga zamanin aikin tilas har zuwa yau, ta nuna matsayin ɗalibin injiniya mai karatun digiri na farko a cikinsa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, littattafan da aka kawo daga Turai ba su san ƙasarmu ba, sai da 'ya'yanta suka durƙusa suka auna ta, kuma kaso mai tsoka na wannan awo yana nan kwance a cikin kundayen ɗalibai, ba a ci moriyarsa yadda ya kamata ba.

Sanin da Aka Tarar

Kafin zuwan Turawa akwai hanyoyi, akwai kuma gwanayen gini. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin gwadaben Kano zuwa Gwanja neman goro, madugu ya san mashigin kowane kogi da watan da yake ƙetaruwa. Ganuwar Kano, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, da ramukan tsaro na birnin Binin, shaida ne cewa mutanen wannan yanki sun iya sarrafa ƙasa da yawan gaske. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 da tubali da azara, har yau masana gine-gine suna nazarin bakan gizonsa. Magina sun san cewa katsi daga marina da makuba daga ɗorawa suna ƙara wa yaɓe juriyar ruwa. Matan da suke daɓe kuwa sun san cewa busasshiyar ƙasa ba ta kamawa, wadda ta sha ruwa da yawa kuma taɓo take zama, don haka sai a yi ta yayyafi ana bugu da madaɓi har a dace. Za mu sake komawa ga wannan daɓe nan gaba, domin yana da dangantaka da abin da ɗalibai suke yi a ɗakin gwaji.

Sai dai duk wannan sani a ka yake, daga uba zuwa ɗa, kuma an gina shi ne a kan nauyin mutum da jaki da raƙumi. Da jirgin ƙasa da mota suka shigo, sai aka zo da nauyin da ƙasar ba ta taɓa ɗauka ba.

Zamanin Dogo da Aikin Tilas

An soma shimfiɗa hanyar jirgi daga Legas a 1896, ta isa Ibadan a 1901, ta kai Jebba a 1909. A arewa kuwa, Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan hanyar jirgi ne, ya tsaya a kan aikin dogo daga Baro zuwa Kano, aka soma a 1907, jirgi ya shiga Kano a 1911. An haɗa layukan biyu a Minna, amma a Jebba sai dai a ƙetarar da taragai a jirgin fito, har zuwa 1916 da aka gama gadar Kogin Kwara. Gadar Binuwai a Makurɗi kuwa sai 1932. Hanyar mota ta farko da aka fi ambata ita ce ta Ibadan zuwa Oyo, wadda aka yi a 1906, kuma yawancin hanyoyin wancan lokaci an tsara su ne don su kai gyaɗa da auduga da koko bakin tashar jirgi.

Mene ne rabon ɗan ƙasa a cikin wannan gagarumin aiki? Rabonsa kwando ne da diga da gammo. Dokokin hanya da aka kafa a 1903 sun ba hukuma ikon sa sarakuna da masu unguwanni su tara mutane su yi aikin hanya, dubban talakawa kuma suka bar gonakinsu suka tafi jidar ƙasa a aikin dogo. Awo da lissafi da zane suna hannun injiniyoyin Turawa na Ma'aikatar Ayyuka. Ko ɗan ƙasar da ya samu ilmin ma bai tsira ba. Herbert Macaulay ya yi karatun injiniya da safiyo a birnin Plymouth na Ingila a farkon shekarun 1890, ya dawo ya kama aikin gwamnati a Legas, amma a 1898 ya ajiye aikin, daga bisani ya zama jigon masu neman 'yancin kai. Ke nan tun daga tushe, maganar wanda zai riƙe abin awo ba ta rabu da maganar wanda zai riƙe mulki ba.

Daga Yaba Zuwa Zariya

Da aka ga ɗauko kowane ma'aikaci daga Ingila yana cin kuɗi, sai aka kafa Babbar Kwalejin Yaba, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1934. Akwai darasin injiniya a cikinta, amma takardar da take bayarwa ba digiri ba ce, wanda ya gama kuma mataimaki zai zama, ko da ya fi maigidansa ƙoƙari. Wannan raini yana cikin dalilan da suka sa samarin Legas suka kafa ƙungiyarsu ta siyasa a wannan shekarar. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ta fara ne ba tare da tsangayar injiniya ba. Sai a shekarun 1950 aka soma karatun injiniya mai kai wa ga digirin Jami'ar Landan a reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta gada lokacin da aka kafa ta a 1962. Abin lura a nan shi ne, samari daga kowane sashe na ƙasar nan sun hau jirgi zuwa Samaru neman wannan ilmi, kamar yadda mu ma muka gangaro kudu neman namu. Jami'o'in Nsukka da Legas sun bi baya a farkon shekarun 1960.

Haka kuma sana'ar ta soma tsayuwa da ƙafafunta. An kafa Ƙungiyar Injiniyoyin Nijeriya a 1958, aka kafa majalisar yi wa injiniyoyi rajista da doka mai lamba 55 ta 1970, sannan a 1973 aka ɓullo da shirin tura ɗalibai masana'antu da wuraren aiki su koyi sana'a da hannu kafin su kammala. Karatun injiniya ya daidaita a kan shekara biyar, aka kuma wajabta wa kowane ɗalibi ya gudanar da bincike nasa na kansa a shekarar ƙarshe, ya rubuta kundi, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Ta haka ne jikan mai ɗaukar kwando ya samu kansa yana ɗiban ƙasa kamar kakansa, sai dai shi a buhu yake kai ta ɗakin gwaji don ya tambaye ta halinta.

Ƙasar da Littafi Bai Sani Ba

Me ya sa ake bukatar wannan tambaya? Dalili shi ne, gwaje-gwajen da injiniyan hanya yake dogara da su duk a ƙasashen sanyi aka ƙirƙiro su. Albert Atterberg, mutumin Suwidin, shi ya tsara a 1911 yadda za a gane yawan ruwan da yake mayar da yumɓu daga tauri zuwa laushi, daga laushi zuwa kwarara. A 1933 wani injiniyan Amurka mai suna Proctor ya bayyana gwajin matse ƙasa, inda ake zuba ta a gwangwanin ƙarfe a yi ta sakar mata guduma, ana sauya yawan ruwa, har a gano ma'aunin da ta fi kamawa. Wannan shi ne daɓen iyayenmu mata, sai dai an sa masa sikeli da lissafi. Akwai kuma gwajin Kalifoniya, wanda ake danna ƙarfe cikin matsattsiyar ƙasa don a ga ƙarfinta idan aka kwatanta da na fasasshen dutse, kuma da sakamakonsa ake yanke kaurin da za a ba hanya.

To, da aka zo da waɗannan gwaje-gwaje kan jar ƙasarmu, sai ta ƙi bin littafi. Ita wannan ƙasa ta marmara, wadda muke zubawa a hanyar burji, zafi da ruwan sama na dubban shekaru ne suka wanke ta, suka bar tsatsar ƙarfe da sinadarin sanholo a cikinta. Wani Bature mai suna Francis Buchanan ne ya fara bayyana irinta a rubuce a 1807 bayan ya gan ta a kudancin Indiya. Bincike ya nuna cewa wasu nau'o'inta halinsu yakan sauya idan aka busar da su a tanda kafin gwaji, kamar yadda littafi ya ce a yi, tsakuwarta kuma takan farfashe a ƙarƙashin guduma. Saboda haka ana iya yi mata ganin kitse alhali rogo ce, ana kuma iya watsar da mai kyau bisa kuskure. Wannan ne ya sa ofishin binciken hanyoyi na Ingila ya fitar da jagora ta musamman don ƙasashen zafi a 1962. Amma babban aikin 'yan Afirka ne suka yi shi. M. D. Gidigasu na Gana ya wallafa littafi sukutum a kan marmara a 1976, S. A. Ola kuma, wanda ya koyar a Zariya, ya tattara nazarce-nazarce a kan ire-iren ƙasar Nijeriya a 1983. A 1978 gwamnati ta kafa cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa.

Daɗin daɗawa, ƙasar Nijeriya ba iri ɗaya ba ce. A arewa maso gabas, wajen Tafkin Chadi da wasu sassan Adamawa da Gombe, akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani, duk hanyar da aka ɗora mata kai tsaye sai ta yi tudu da kwari. A yankin bakin teku akwai taɓo mai zurfi da ruwan sama mai yawa, a kudu maso gabas kuma zaizaya ce take haɗiye gonaki da tituna, kamar yadda ake gani a Agulu da Nanka. Ko a cikin gari ɗaya, ramin ɗiban ƙasa na gabas yakan bambanta da na yamma. Babu wani shaihin malami da zai iya zaga waɗannan wurare shi kaɗai. Da ɗan gari kan ci gari, kuma ɗan garin a nan shi ne ɗalibin da ya koma ƙauyensu ya haƙo samfuri ya kawo.

Shekarun Mai da Abin da Ya Biyo Baya

Bayan samun 'yancin kai aka shiga manyan ayyuka. An gama gadar Anacha a 1965, aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka buɗe babbar hanyar Legas zuwa Ibadan a 1978, aka kammala Gadar Legas ta Uku mai tsawon kusan kilomita 12 a 1990. Kuɗin mai ya sa an yi gaggawa, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas ba wurin sauke kaya. A daidai wannan lokaci kuma harkar jirgin ƙasa ta yi ta ja da baya, kayan da taragai suke ɗauka suka dawo kan tirela da tanka.

Wannan sauyi yana da lissafin da ya kamata kowa ya sani. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da yake kan gatarin mota, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin dama da na hagu, ɓarnar da zai yi wa hanya takan ninka kusan sau 16. Ke nan tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci cin kwalta. Idan kuma magudanar ruwa ta toshe, ruwa ya sami kafa ya shiga ƙarƙashin kwalta, sai ƙasar ta yi laushi, rami ya buɗe. Ruwa ba ya tsami banza: a bayan kowane rami akwai nauyin da ba a auna ba, ko lambatun da ba a yashe ba, ko ƙasar da ba a daɓe da kyau ba. Yawan rayukan da hanya take ci ne ya sa aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, kuma abin sha'awa ga masu nazarin adabi shi ne, marubuci Wole Soyinka ne shugabanta na farko.

Tsuke bakin aljihu da aka shiga daga 1986 ya taɓa jami'o'i ƙwarai. Darajar naira ta faɗi, injinan gwaji suka tsufa ba a sake su ba, malamai da dama suka tafi ƙetare. Amma tsadar siminti ta buɗe wata sabuwar ƙofa, domin ta tilasta wa malamai da ɗalibansu su waiwayi abin da yake zube a bola.

Abin da Kundayen Suka Ƙunsa

Duk wanda ya leƙa ɗakin ajiyar kundaye na sashen injiniyan gine-gine da hanyoyi zai ga wasu batutuwa suna ta maimaituwa. Na farko shi ne ƙarfafa ƙasa mai rauni. Ɗalibi yakan ƙona ɓuntun shinkafa ko tuƙar rake ko ɓawon gyaɗa, ya gauraya tokar da marmara ko baƙar laka kashi-kashi, ya auna ƙarfin kowane haɗi. An tabbatar cewa tokar ɓuntu tana ɗauke da sinadarin yashi mai yawa, wanda idan ya haɗu da siminti ko farar ƙasa da ruwa yakan ƙulla ƙasa ya ƙara mata ƙarfi. An kuma gano iyakarta: ita kaɗai ba kasafai take wadatarwa ga babbar hanya ba, kuma sai an kula da zafin wutar da aka ƙona ta. Wannan bincike jikan katsi da makuba ne, ko da mai yin sa bai sani ba.

Na biyu shi ne ingancin kayan gini. Ɗalibai sukan zaga gidajen buga bulo su sayo samfuri, su sa a injin matsa har ya fashe, kuma nazarce-nazarce da dama da aka wallafa daga sassa daban-daban na ƙasar nan sun nuna cewa bulon kasuwa yakan gaza ƙarfin da hukumar kula da inganci ta ƙayyade, saboda ana buga bulo da yawa daga buhun siminti ɗaya, ba a kuma ba shi ruwa yadda ya kamata. Haka ake gwada rodi da yashi da tsakuwa, har da ɓawon ƙwarar manja a madadin tsakuwa a kankare marar nauyi. Wanda ya tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a watan Nuwamba na 2021, ya hallaka mutum fiye da 40, ba zai ɗauki gwajin kayan gini da wasa ba.

Na uku shi ne sufuri. A nan ɗalibi yakan tsaya a mararraba tun asuba da takarda da biro yana ƙirga motoci da babura, ya auna jinkiri, ya binciki wuraren da haɗari ya fi aukuwa, ya ba da shawarar inda ya dace a sa shataletale ko fitila. Legas ta gwada dabaru iri-iri, tun daga dokar raba ranakun fita bisa lambar mota a 1977 har zuwa layin manyan bas na musamman a 2008, kuma kowace dabara tana bukatar irin wannan ƙidaya kafin a san ko ta yi amfani.

Gaskiya ne cewa ba kowane kundi ne abin dogaro ba. Akwai wanda aka kwafa, akwai wanda samfurinsa bai taka kara ya karya ba, akwai kuma wanda aka yi da injin da ba a daidaita shi ba. Amma maganin wannan shi ne tsananta dubawa da gyara kayan aiki. Babbar asarar ita ce, ko masu ingancin ma sau da yawa a kan kanta suke ƙarewa, ƙura da gara suna rabon su, alhali ɗan kwangilar da zai yi hanya a wannan yanki bai san da su ba. Shekara ta zagayo, wani ɗalibi ya sake haƙa ramin da aka riga aka haƙa.

Kammalawa

A watan Yuni na 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu a kan hanyar Mokwa zuwa Jebba, zirga-zirga tsakanin arewa da kudu maso yamma ta tsaya, kayan gwari suka yi ta lalacewa a mota. A 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Lakwaja zuwa Abuja. Waɗannan ba labaran nesa ba ne a wurinmu, domin hanyoyin gidajenmu ne. An buɗe gadar Kwara ta biyu a Anacha a 2023, jirgin ƙasa ya soma aiki tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, tsakanin Legas da Ibadan kuma a 2021, amma kowane sabon aiki yana zaune ne a kan tsohuwar ƙasar nan mai bukatar a san halinta.

Saboda haka muna ganin lokaci ya yi da jami'o'i za su tattara sakamakon waɗannan kundaye, su tace, su jera su jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma a rumbun kwamfuta, yadda ma'aikatun ayyuka za su iya dubawa kafin su ba da kwangila. Mu ma masu nazarin harshe muna da namu rabon. Birkila da direba da mai buga bulo da kansila su ne masu aiwatarwa, kuma da yawansu Hausa suke ji. Idan ɗalibin injiniya ya gano cewa bulo yana bukatar kwanaki yana shan ruwa kafin a ɗora shi, wajibi ne a samu wanda zai faɗi haka da harshen da mai bulo zai gane, a rediyo ko a takarda. Muna kira ga ɗalibanmu na Hausa da su ƙulla zumunci da 'yan'uwansu na tsangayar injiniya, su tattara kalmomin magina da direbobi, su fassara taƙaitaccen sakamakon bincike. Kakanninmu sun ɗauki ƙasar nan a ka ba tare da an tambayi ra'ayinsu ba. Jikokinsu sun auna ta sun rubuta abin da suka gani, saura a karanta a yi aiki da shi.